Yadda Harshen Seu Miro Ya Ci Amanarsa

Seu Valdomiro Krüger, wanda duk garin ke kira Seu Miro, mutum ne da ya daɗe da yanke hukunci a kan komai. Ya san hanyar da ta fi sauri zuwa birnin Blumenau, domin a kanta ya tsufa yana tuƙa bas kafin ya yi ritaya. Ya san ƙungiyar ƙwallon da ya kamata mutumin kirki ya goya wa baya. Ya kuma san yadda giya take: ruwan ɗorawa ce, da sanyin da zai sa haƙori ya amsa, kuma ba a zama a yi hira a kanta. Shanta ake yi don a yi hirar wani abu daban. Kullum la'asar sakaliya yana mashayar Tonho tare da amininsa Gilmar mai gyaran firiji da wasu tsofaffi, suna buga domino suna zagin magajin gari.

Damuwarsa ɗaya a duniya ita ce mijin 'yarsa. Ba wai Caíque mugun yaro ba ne. Yana da ladabi, ba ya ɗaga murya, kuma yana son matarsa Jussara kamar ransa. Lokacin da aka yi auren aikin banki yake yi, kullum cikin gogaggiyar riga, har Seu Miro kan nuna shi ga abokai. Kwatsam sai yaron ya ajiye aikin, ya tara gemu har ƙirji, ya kama hayar wata tsohuwar masaƙar tawul a bakin kogi, ya cika ta da tukwanen ƙarfe da gangunan katako, ya ce shi yanzu mai dafa giya ne.

Seu Miro bai taɓa taka wurin ba. Abin da ya haɗa shi da sana'ar kawai shi ne bishiyar jabuticaba da ke bayan gidansa, mai fitar da ƙananan baƙaƙen 'ya'ya a jikin kututture. Wata shekara ta yi 'ya'ya har kututturenta ya yi baƙi ƙirin, tsuntsaye suka ci suka gaji, matarsa Dona Neusa ta dafa wasu da sukari ta cika kwalabe, duk da haka ba su ƙare ba. Caíque ya zo da bokitai ya kwashe sauran. Tsohon ya ji daɗi don an rage masa shara, daga nan ya manta da zancen.

Wata Asabar da hantsi Dona Neusa ta shimfiɗa masa farar riga a kan gado.

"Ga rigarka na goge. Yau za a buɗe gangar."

"Wace ganga?"

"Ta giyar da yaron nan ya yi da 'ya'yan bishiyarka. Shekara biyu ke nan tana kwance. Kai ne za ka fara ɗanɗanawa."

"Giyar da ta shekara biyu ba a sha ba ai ba ta da masoyi ne. A wajen Tonho ko kwana biyu ba ta yi."

"Miro, za ka je, za ka sha, za ka ce ta yi daɗi, mu dawo gida. Kar ka kunyata min 'ya."

"In ba ta yi daɗin ba fa?"

"Kek ɗin yayarka ma ba daɗi gare shi ba, amma duk Kirsimeti yabawa kake yi."

Ya sa rigar.

Sun tarar da wurin cike. Seu Miro bai taɓa ganin gemu mai yawa haka a ƙarƙashin rufi ɗaya ba. Kowa na riƙe da ɗan kofin gilas mai ƙafa, da ruwan da bai fi kurɓi uku ba a ciki, suna juya shi, suna ɗaga shi wajen taga, suna cusa hanci. Babu mai sha. Har da wata budurwa mai suna Tainá da ta taso tun daga birnin São Paulo, wadda aka ce dubban mutane na kallon bidiyonta tana ɗanɗana giya tana lumshe ido. Ta kafa wayarta a kan sanda ta saita gangar.

Caíque ya hau akwati ya yi jawabi. Ya ce gangar ta itacen amburana ce, a da barasar rake ce a cikinta. Ya ce bai sayi yis, abin da ke sa giya ta nuna, a shago ba, tukunyar ya bari a buɗe don iskar kwarin nan ta zuba nata abin da take ɗauke da shi. Jama'a suka yi ta gyaɗa kai. Seu Miro a iya saninsa ƙuda ne ke faɗawa buɗaɗɗiyar tukunya, amma ya tuna da idon matarsa. Daga ƙarshe yaron ya ɗaga kwalba sama ya ce ya raɗa wa giyar suna Suruki. A jikin kwalbar ga zanen wani tsoho mai murtuke fuska da katon hanci. Mutane suka dubi kwalbar, suka dubi Seu Miro, suka tafa.

Aka miƙo masa kofi. Abin da ke ciki ja ne mai duhu kamar ruwan da aka wanke nama, kumfar ba ta taka kara ta karya ba, kuma ko raɓar sanyi babu a jikin gilas ɗin. Ya yi niyyar ya kafa kai ya shanye ya huta, sai Caíque ya riƙe masa hannu.

"Baba, shaƙawa ake fara yi."

Ya shaƙa. Ya janye hanci da sauri.

"Me ka ji, Baba?" Caíque ya tambaya, ya kanga masa makirfo.

Har ga Allah Seu Miro ya zo da niyyar cewa ta yi daɗi. Ya ma jera kalmomin a bakinsa tun a mota. Amma hancinsa ya riga shi.

"Warin barga take yi," ya ce. "Kamar bargon da doki ya jiƙa da gumi aka jefar a lungu aka manta."

Jussara ta rufe fuska da hannu. Dona Neusa ta mintsine shi a bayan damtse, inda ta saba. Can sai wani mai gemu biyu a kitse ya ce da na kusa da shi, a hankali amma kowa ya ji, "Ya kama ƙanshin. Daga shaƙa ɗaya ya kama shi."

Tainá ta juya wajen wayarta. Ta shaida wa masu kallonta cewa wannan ƙanshin na gumin doki shi ne abin da ake nema a irin wannan giya, akwai masu biyan kuɗin makaranta don a koya musu gane shi, ga shi wannan dattijo ya zo da shi daga cikin uwarsa.

Seu Miro ya ɗauka ba'a suke masa. Ransa ya ɓaci, ya kurɓa don a gama. Tsamin ya kama shi ta bayan muƙamuƙi kamar an sa filaya. Idonsa ɗaya ya rufe da kansa, leɓɓansa suka tsuke, kunnuwansa suka motsa, abin da bai san suna iyawa ba. Da ƙyar ya haɗiye.

"Wannan ba giya ba ce. Wannan in ka zuba a mataccen batirin bas sai ya tashi."

Tafi ya ɓarke.

"Bayan ta wuce fa, Seu Miro? Me ta bari a baki?" in ji Tainá.

"Kamar na lashi cikin tsohon kabad ɗin kakata, wanda take ɓoye kirfa da maganin asu."

"Kirfa," mai gemu biyu ya ce, ya dafe ƙirji. "Amburana ke nan, itacen gangar. Ni sai da na yi wata shida kafin na fara jinta."

Caíque ya sauko daga akwatin da hawaye a gemu, ya rungume surukinsa. Kafin magariba babu kwalba ko ɗaya da ta rage.

Suka kama hanyar gida. Sai da suka haye gada Seu Miro ya ce, "Neusa, zaginsu fa na yi."

"Na ji."

"Suka tafa min."

"Na gani. Duba hanya."

Bidiyon ya zagaya ko'ina. Kafin wata ya ƙare an buga maganar batirin bas a bayan kwalba, an buga tsukakkiyar fuskarsa a gaban riguna. Mutane suka fara tasowa daga birane masu nisa irin su Curitiba da Porto Alegre don su gan shi. Caíque ya roƙe shi ya riƙa zuwa duk Asabar. Da farko ya ce ko da wasa. Amma ya je sau ɗaya don Jussara, ya sake zuwa don ruwan sama ya hana domino, daga nan ba a ƙara roƙonsa ba.

Gaskiyar magana, abin ya yi masa daɗi. Duk tsawon shekarun da ya yi yana tuƙi, in ya ce a matsa baya ba mai matsawa. A gida kuwa rabon da ya kai ƙarshen jimla Dona Neusa ba ta ƙarasa masa ba har ya manta. Yanzu ga shi in ya ɗaga kofi, ɗaki guda na masu digiri sai ya yi shiru. Aka ware masa doguwar kujera kusa da gangunan. Samari suka riƙa kawo giyar da suka dafa a bayan gidajen iyayensu, su bi layi don ya zage ta. Ya ce wa ɗaya tasa kamar ruwan da aka jiƙa safar ɗan ƙwallo, yaron ya nemi ya sa masa hannu a kwalbar. Ya ce wa wani tasa ba laifi, wannan ya fita idonsa jawur, bai dawo ba sai da ya dafa wadda ta fi muni.

A mashayar Tonho kuwa ba a raga masa ba.

"Ga Farfesa ya iso," Gilmar kan ce. "Tonho, ba ka da doki a baya? Ka kawo masa ya shaƙa kafin ya zauna."

"Hassada ce ke cinka, tsohon banza. Kai wa ya taɓa buga fuskarka a riga?"

"Allah ya kiyaye. Ni da in sha ruɓaɓɓen 'ya'yan itace a kofin turare gara in sha ruwan firijin da nake gyarawa. Zuba domino, mutumina, yau sai na tsuke maka fuska ba tare da giya ba."

Seu Miro kan yi dariya, ya kafa kai ya shanye mai sanyinsa. A ransa yana ganin ya ci riba biyu: Asabar a tafa masa, sauran kwanaki ya sha giyar gaske.

Abin ya fara lalacewa ne wata Talata. Tonho ya ajiye masa kwalba kamar kullum, tana raɓa, ya zuba ya kurɓa, sai ya ji kamar bai sha komai ba. Sanyi kawai, sai iska. Ya sake kurɓa.

"Tonho, ka canza mai kawo maka kaya ne?"

"Tun kana da gashi ita kake sha, Miro."

Ya ƙura wa kofin ido. Bai ankara ba sai ya ga hannunsa na juya shi a hankali, hancinsa kuma ya nufi ciki. Da ya ɗago, Gilmar na kallonsa ta saman tabarau, irin kallon da ya fi zagi ciwo.

Ya koma gida da wuri. A ranar nan Dona Neusa ta tafi koyon waƙa a coci. A ƙasan firiji akwai kwalbar Suruki da Caíque ya ba su tun ranar farko, ba wanda ya taɓa ta. Ya ce bari ya tabbatar wa kansa cewa har yanzu ƙyamarta yake yi. Ya tabbatar da kofi ɗaya, bai gamsu ba, ya ƙara. Da kwalbar ta ƙare ya naɗe ta a jarida ya kai kwandon sharar maƙwabci.

Daga nan Asabar ta zama masa wahala. Zagin da a da yake fitowa da kansa, yanzu sai ya kwanta ya ƙirƙira. Ya riƙa tsayawa gaban madubi yana koyon tsuke fuska. Ba wanda ya gane, sai Dona Neusa da ta ce masa wata safiya, "In ciwon haƙori kake yi ka je asibiti."

Ana haka lokacin buɗe ganga ta biyu ya zo. Wannan da jar gwaiba aka yi ta, ta kwanta a gangar da ta taɓa riƙe ruwan inabi. Taron ya ninka na farko. An kafa rumfa har bakin kogi, ana gasa nama, Tainá ta dawo da mai ɗaukar hoto, har magajin gari ya zo sanye da rigar mai fuskar Seu Miro. Tsohon ya tanadi zagi mai kyau, wani abu game da ruwan wankin tayar mota, ya maimaita shi a hanya har ya zauna.

Aka miƙo kofi. Ya shaƙa, ya kurɓa.

Tsamin ya zo da farko, amma bai kama shi da kokawa ba, buɗe masa baki ya yi. A bayansa gwaiba ta biyo, ba irin ta kasuwa ba, irin wadda ta nuna a kan bishiya rana ta dafa ta, wadda yake hawa katangar limamin coci ya sata yana yaro. Can ƙasa kuma ga ɗumin katako da ɗan ɗaci kaɗan da ke sa mutum ya nemi kurɓi na gaba. Ya tsaya riƙe da kofin. Zancen taya ya ɓace masa ɓat.

"To, Baba?" Caíque ya ce, yana murmushi yana kallon jama'a.

"Ta yi daɗi."

Aka yi dariya, ana jiran sauran.

"A'a, da gaske nake. Ta yi daɗi ƙwarai. Caíque, ɗana, ka iya aikinka. Ban taɓa shan abin da ya kai wannan ba."

Dariyar ta mutu a hankali. Tainá ta sa hannu ta kautar da wayarta. Daga baya wani ya ce, "Sun saye shi." Wata mata da ta rungumo kwalabe ta dube su, ta mayar da rabi kan kanta. Magajin gari ya zuge zif ɗin jaket ɗinsa ya rufe rigar.

Caíque ya ja surukinsa zuwa bayan gangunan, Jussara ta bi su.

"Baba, me na yi maka?"

"Yaba maka fa na yi."

"A gaban mutane? Tun ranar da na bar banki nake fatan in ji wannan maganar daga bakinka, wallahi, amma a gida, a kan tebur. Waɗannan mutanen wasunsu tun asuba suke tuƙi don su ji ka ci mutuncina."

"To in ta yi daɗi ƙarya zan yi?"

"Baba, kowa na cewa ta yi daɗi," in ji Jussara. "Tainá duk abin da aka ba ta cewa take ya yi daɗi. Kai kaɗai ne ba ka so, shi ya sa suka yarda da kai. Ka taimaka ka koma ka ce wasa kake yi."

Ya dubi 'yarsa, ya ga da gaske hankalinta a tashe yake. Ya koma kan kujerar, ya karɓi makirfo, ya murtuke fuska iya ƙarfinsa.

"Wasa nake yi," ya ce. "Wannan abu kamar ruwan wankin tayar mota yake."

Wasu suka fara sakin fuska. Da ya tsaya nan da an wuce wurin. Amma kofin na hannunsa, kuma akwai saura a ciki. Yana cikin jiran tafi hannun ya ɗaga da kansa, ya kurɓa, idanunsa suka lumshe, wani ɗan nishin jin daɗi ya fita ta makirfo, lasifika ta kai shi har bakin kogi.

A ranar nan giyar gwaiba ta yi kwantai.

Sati na zagayowa aka ga Caíque a mashayar Tonho, wurin da bai taɓa shiga ba, ɗauke da kwalba a jaka. Ya gaida dattawa cikin ladabi, ya guji haɗa ido da surukinsa, ya zuba wa kowa kurɓi. Gilmar ne ya fara tofarwa. Ya ce wannan ruwan ko ɓera ya faɗa ciki sai ya kai ƙara, ya ƙara da wasu maganganu game da kakannin wanda ya dafa. Caíque na sauraro idonsa na ƙyalli. Kafin a watse shi da Gilmar sun keɓe a gefe suna ƙus-ƙus.

Yanzu Gilmar ne ke kan doguwar kujerar duk Asabar, kuma an buga sabbin riguna masu fuskarsa. Seu Miro bai daina zuwa ba. Yakan bi layi kamar kowa, ya karɓi kofinsa na gwaiba, ya nemi lungu kusa da taga. Ba mai damunsa da hoto. Wani lokaci mai gemu biyu kan zauna kusa da shi, kowa da hancinsa a kofi.

Wata Asabar bayan an gama tafi, Gilmar ya sauko yana share gumi, ya jawo kujera.

"Ka ji zagin da na yi yau? Na fitsarin kyanwa? Sun kusa faɗuwa."

"Na ji. Ka yi saurin faɗa, da ka ja musu rai kaɗan." Seu Miro ya juya kofinsa. "Amma bari in ba ka shawara ta tsakani da Allah, mutumina. In ka kurɓa, ka tofar. Kar ka riƙa haɗiyewa."

"Ni? Ai ko ɗaure ni aka yi ba zan so wannan dafin ba."

"To madalla."

Suka zauna suna kallon kogi. Gilmar ya ɗan yi tari, ya gyara zama, ya dubi kofin abokinsa.

"Wannan ta gwaibar ce ko? Miƙo in ji, don in san abin da zan ce a kanta."

Seu Miro ya janye kofin zuwa ɗaya gefen teburin. "Je ka bi layi," ya ce.